IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Ya kai mai karatu, in kai ne ka iya karatu a gidanku, kada ka karanta wannan takarda kai kaɗai ka naɗe ka sa aljihu. Bari sai an gama cin tuwon dare, ka tara matan gida da yara ka karanta musu, gama yawancin abin da ke cikinta a hannunsu ya ke.

Maganar ɓera za mu yi, wanda mutanen Sakkwato da Katsina ke ce wa kusu. Ba gidan da ba a kuka da shi. Ya huda buhu, ya cinye irin shuka, ya yayyage zanen uwargida a cikin adaka, da dare kuma ya hana mutane barci da guje-guje a rufin ɗaki. In gari ya waye sai a yi ta zaginsa, ana ce masa ɓarawo. To, ɓarawon ne. Amma mutanen da sun riga sun raba wannan gardama, da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idon ɓera ba shi da ƙarfi, hancinsa ya ke bi. Gidan da ya tarar da abinci a buɗe, nan zai tare, ya haihu, 'ya'yansa su haihu. Gidan da ya zaga bai sami abin taunawa ba, ba ya daɗewa ciki.

Watau mu ne mu ke kiransa, ba mu sani ba. Bari mu bi gida lungu lungu, ka ga da abin da mu ke kiransa.

Hatsin da ya zube

Babban abincin ɓera ƙwaya ce: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, wake. Kowa ya san haka, shi ya sa a ke gina rumbu. Amma ba hatsin da ke cikin rumbu ne ke fara jawo shi ba, wanda ya zube ne. Dubi gindin turmi bayan an gama surfe. Dubi wurin da aka yi sussuka aka sheƙe, aka bar ƙaiƙayi tsibi guda da sauran ƙwaya a ciki. Dubi dusar da aka tara a tsohuwar ƙwarya don awaki, da tsakin da aka watsa wa kaji da la'asar, ba su cinye ba suka shige akurki. A idonka duk wannan shara ce. A wurin ɓera kuwa walima ce. Ƙaramin ɓeran ɗaki giram 3 ya ishe shi yini da kwana, watau kamar cikin ƙaramin cokali. Garin da ya maƙale a dutsen niƙa kaɗai ya ci da shi.

Manyan kuwa, masu hawan azara, kowane ɗaya yana cin giram 15 zuwa 20 kullum. Yi lissafi da kanka. Goma daga cikinsu, a shekara guda, sun cinye fiye da rabin buhu. Ba a ma sa wanda suka ɓata da fitsari da kashi da gashi ba, wanda sau da yawa ya kan fi wanda suka ci.

Akwai wata al'ada da mu ke so ka sake dubawa, ita ce jibge buhunan hatsi a ɗakin da a ke kwana. Mun san dalili, tsoron ɓarawo mai ƙafa biyu ne, ba mu kuwa ga laifinka ba. Amma ka tuna buhu ba ya tare wari, ba ya kuma tare haƙori. Wanda ya jingina buhun masara da bango a bayan gado ya ba ɓera abinci, ya ba shi maɓoya, sa'an nan ya haɗa shi makwanci da 'ya'yansa. In kana da hali, ka ware ɗaki guda na ajiya mai ƙofa da kwaɗo. In ba hali, ka juye hatsin ci a duro ko garwa mai marfi, ko jarka mai kauri, bayan ya bushe sarai. Akwai kuma buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi don ajiyar wake, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Da ya ke iska ba ta shiga ba ta fita, warin hatsin ba ya fitowa sosai, ɓera bai cika kula shi ba. Duk da haka kada ka ajiye shi a ƙasa. Kowane irin buhu a ɗora shi kan katako ko dakali, a bar tsakaninsa da bango rata yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya gani.

Masu mai da masu wari

Nan ne daddawa ta shigo. Duk abin da ke da maiƙo ɓera na sonsa ƙwarai: gyaɗa, ɗanya ko soyayya, ƙuli-ƙuli, tunkuza, riɗi, agushi, gujiya, man shanu, kitse. Ka lura mai ɗana tarko da ƙuli-ƙuli ya ke ɗanawa, ko da ɗan bandar kifi. Ashe kuwa uwargidan da ta bar ƙuli-ƙulin sayarwa a faifai ta kwanta, ita ma ta ɗana, sai dai ba tarko.

Haka daddawa, da busasshen kifi, da kilishi, da ƙashin da yaro ya gwigwiya ya jefa bayan randa. Haka dabino, da alewa, da sukari, da guntun rake, da burodin da aka rataye a leda jikin ƙusa. Leda ba kariya ba ce. Haƙoran gaba na ɓera ba su daina tsiro muddin yana da rai, tilas ya yi ta gwigwiya don su rage, sabo da haka leda da kwali da ƙwarya da roba marar kauri duk bai ɗauke su kome ba. Har sabulu ya kan ci, don da mai a ke yinsa, har kyandir. Abin da ke gagararsa shi ne ƙarfe, da kwalba, da tukunyar ƙasa mai marfin da ya zauna daram.

Ke uwargida, gwangwanin madara da kwalaben da a ke zubarwa ki riƙa wankewa kina ajiyewa. Daddawa da kifi da yaji su shiga ciki, a murɗe marfi. Faifai rufin ƙura ne da ƙuda, ɓera da hanci ya ke ture shi. In tilas sai faifan, a ɗora dutse. Abin da kika rataye a ragaya ma bai tsira ba, don ɓera gwanin bin igiya ne. Ki sa a huda faffaɗan marfin gwangwani ko tsohon faranti a tsakiya, a zura igiyar a ciki, a ƙulle shi kamar taki ɗaya bisa ƙwaryar. In ya biyo igiya ya zo nan, sai ya rasa mataki.

Bayan an ci tuwon dare

Wannan ita ce babbar ƙofa, ita kuwa aka fi rainawa. An ci tuwo bayan isha'i, kowa ya gaji. An tara kwanuka a gindin murhu, an ce sai da safe a wanke. Tukunya na nan da ƙanzo an jiƙa, muciya na jingine da tuwo a jikinta, ludayin miya na ƙasa. Ɗumamen safe yana cikin kwano, an kifa masa wani kwanon da bai kai shi faɗi ba. A daidai lokacin nan ne ɓera ke fitowa kiwo. Ya hau kwanukan, ya lashe, ya yi fitsari yana tafe, don shi ba ya keɓe wurin cin abinci da wurin ba-haya. Da safe a ɗauraye sama-sama a zuba wa yara koko.

Wanke-wanken dare ba shi da daɗi, balle da sanyin hunturu. Amma ko ba a iya wanke duka ba, a kwashe sauran abincin, a zuba kwanukan cikin babbar tukunya ko baho mai marfi a rufe. Ɗumame a sa shi a samira ko langa mai marfi, a ɗora nauyi, da safe kuma a ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje. A share tsakar gida da gindin murhu kafin a kwanta, ba sai da safe ba. Sharar safe ta kyan gani ce, ta dare ita ke hana ɓera abinci.

Kada a manta hannun yara. Yaron da ya ci tuwo da miyar kuka mai man shanu ya ɓingire da barci bai wanke hannu ba, yatsunsa abinci ne. Tsofaffi na cewa ɓera yana cizo yana hurawa, don sau da yawa ba a farkawa, sai da safe a ga fatar yatsa ko ta diddige a gaigaye. A wanke wa yara hannu da baki da sabulu kafin a kwantar da su. In kuwa an ga cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai yaron asibiti.

Ruwa ma abin kira ne. Ƙananan ɓeraye ba su cika bukatarsa ba, danshin abinci ya ishe su, amma manyan sai sun sha kullum. Randa a buɗe, da kwatar da ruwan wanke-wanke ke kwanciya da guntayen tuwo, su ne mashayarsu. A rufe randa, a rataye moɗa, a gyara kwata ruwa ya wuce. Juji kuma a yi shi nesa da ɗakuna, a riƙa binne ɓawo da ruɓaɓɓen abinci.

Shanya

Da kaka za ka ga an baza masara, ko alabo, ko tattasai da kuɓewa a kan dutse, ko a gefen titi, a ƙasa ba shimfiɗa. Wani ma ya bar ta ta kwana a can don gobe kada ya sake wahalar bazawa. Dare duka ɓerayen daji na kai da kawowa a kanta. A yi shanya a kan tabarma ko tamfol, in da hali bisa rumfa, a kwashe kafin magariba.

Abin da ya sa Gwamnati ta damu

Da asarar hatsi ce kaɗai, da mun bar wa malaman gona maganar. Amma ɓera na ɗauke da cuta. Kashinsa a abinci na sa gudawa. Fitsarinsa a ruwa na kawo wani zazzaɓi mai taɓa hanta da ƙoda, har ido ya yi shawara. Ƙumar jikinsa ita ta yaɗa annobar da ta faɗa wa Ikko a 1924, ta yi shekaru ana fama da ita. Wadda ta fi damunmu yau kuwa ita ce zazzaɓin Lassa.

Sunan wani gari ne cikin Jihar Borno ta yanzu. A can ne a 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta warke, a can kuma masana suka gano ƙwayar cutar. Da cutar ta ɓarke a Saliyo a 1972, aka kakkama dabbobin gidaje da na daji aka auna, sai aka tarar da ita a jikin wani irin ɓera.

Ba gafiya ba ne, ba jaba ba ne. Matsakaicin ɓera ne mai laushin gashi, macen tana da nonuwa da yawa jere biyu, har su kan kai 24. Cikinta mako 3 ne da 'yan kwanaki, ta kan haifi 10 ko 12 a ciki guda. Asalinsa mazaunin gona ne. Da damina abinci ya wadace shi a daji. Da an girbe an kai amfani gida, aka kuma cinna wa daji wuta, sai ya biyo hatsi zuwa cikin gari. Wannan na cikin dalilan da a ke ganin cutar ta fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu. Shi ƙwayar ba ta kwantar da shi. Lafiyarsa lau ya ke yawo, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Kada ka ce za ka tsaya bambance mai cuta da marar cuta, ko masana sai sun auna. Kowane ɓera ka ɗauke shi mai cuta ne.

A 2020 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta tabbatar da mutum fiye da 1,000 sun kamu a Nijeriya, fiye da 200 suka rasu. Jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba su ne kan gaba a shekarun nan, amma an same ta a wasu jihohi da yawa. Cikin mutum 5 da ƙwayar ta shiga jikinsu, wajen 4 ba su jin kome, ko su ji ɗan zazzaɓi ya wuce. Na biyar ɗin shi ke shan wuya. Cikin waɗanda suka kwanta suka tashi, kusan 1 cikin 4 ya kan sami kurumta, wani ta sake shi bayan 'yan watanni, wani har abada. Ga mai tsohon ciki kuwa abin ya fi muni, da wuya cikin ya tsira, ita kanta uwar tana cikin haɗari babba.

Wanda ba ya komawa wuta

Zafin dafuwa na kashe ƙwayar. Sabo da haka abincin da ya fi bukatar tsaro shi ne wanda a ke ci yadda aka ɗauko shi: garin kwaki da a ke jiƙawa da ruwan sanyi, fura da nono, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kilishi, burodi, da ruwan sha. Ka lura yawancinsu su ne waɗanda ɓera ya fi so, su ne kuma yara ke ɗiba ba tambaya. In ka ga kashin ɓera ko gurbin haƙorinsa a irin wannan abinci, kada ka tsince ka ce saura ya yi kyau. Kashi a ke gani, fitsari ba a ganinsa. A binne shi, ko da ana jin zafin asarar.

Wurin da aka tarar da kashin ma kada a share shi a bushe, don ƙurar na shiga hanci. A yayyafa ruwan bilic, irin na wanke fararen tufafi, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, a bari ya jiƙa kamar minti 5, a sa leda a hannu a kwashe, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Mushen ɓera ma haka, ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, a binne shi da zurfi. Yaran da ke bin wutar daji suna tonon ɓera su gasa, a hana su. Wajen kamawa da feɗewa a ke taɓa jini da fitsari, tun nama bai ga wuta ba.

Guba, kyanwa da tarko

Za ka ce, ai sai in sayo shinkafar ɓera in huta. To, ji wannan. A ƙasar Gini, a wasu ƙauyukan yankin Faranah inda cutar Lassa ta yi yawa, masu bincike sun bi gida gida suna sa guba da rani. Ɓeraye suka ragu ƙwarai. Bayan 'yan watanni suka koma kamar da. Muddin abinci na nan, in ka kashe na ciki, na waje za su maye gurbinsu. Ban da haka, babban ɓera mai wayo ne, yana ƙyamar baƙon abu, ba zai bar masarar da ya saba da ita ya ci abin da ka ajiye masa ba sai in yunwa ta kama shi. Ga kuma haɗari: yaro mai rarrafe, da kaji, da akuya, ba su san guba ba. In za a sa, sai da shawarar dubagari, a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙwayar nan ta turara hatsi kuwa, mai fid da iska mai guba, kada a kuskura a sa ta a ɗakin da a ke kwana ko wanda ke manne da shi. Iskarta na kashe mutum cikin barci.

Kyanwa na taimako, amma ba ta shiga rami, ba ta shiga tsakanin buhuna. Tarko ya fi guba aminci a gidan da ke da yara, in an sa shi inda ba su kai. A ɗana da dama dare guda, a jikin bango inda a ke ganin kashi, don ɓera gefen bango ya ke bi. Ya fi kamu bayan an rufe sauran abinci.

Sai toshe hanya, wannan kuwa aikinka ne, maigida. Kafar da fensir zai shiga, ƙaramin ɓera zai wuce, wadda babban yatsa zai shiga, babba zai wuce. Tsumma da takarda ba su toshe rami, sheƙa ma ka ba shi. A cika da tsakuwa a yaɓe da sumunti, ko da laka da aka cuɗa da fasassun kwalabe. Ƙasan ƙofa a buga mata sillen kwano. Rumbu a yaɓe tsagarsa tun kafin a zuba sabon hatsi, a nome ciyawar da ke kewaye da shi, a daina cusa tarkace a ƙarƙashinsa, kada a jingina masa tsani ko kara ko itace. Ka kuma yi wa maƙwabcinka magana ku yi tare, don ɓera bai san iyakar danga ba.

In kana so ka san ko aikin ya ci, ka barbaɗa toka mai laushi a gindin bango da bakin ƙofar ɗakin ajiya da dare. Da safe sawunsa zai nuna maka ta inda ya ke shigowa.

In wani ya kwanta

Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo a kan yi har kwana 21. Farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro ne: jiki zafi, kasala, ciwon kai. Daga nan sai ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji ko ciki, amai, gudawa. In ya yi tsanani fuska ta kumbura, wani jini ya riƙa fita ta baki ko hanci. Kada a jira ganin jini, ba kowa ke yinsa ba. Zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro kwana 2 ko 3 bai sauka ba, a tafi asibiti, a gaya wa malamin asibiti cewa akwai ɓera a gidan. Ba a riga an sami allurar rigakafin da a ke yi wa jama'a ba tukuna, amma wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ana kuma ɗaukar cutar daga majinyaci, ta jininsa da amansa da fitsarinsa. Mai jinya ɗaya ya isa, kada ta zama mai ciki, kada ta taɓa waɗannan da hannu tsirara, a ware masa kwanonsa da moɗarsa. In Allah ya yi masa cikawa ana zaton ciwon ne, a sanar da ma'aikatan lafiya kafin a yi wanka, su za su nuna yadda za a yi sutura ba wanda ya ɗauka. Mai waya yana iya kiran NCDC a lamba 6232, ba a biyan ko kwabo.